Tonike ɗin CAT da na saya ma ɗan ƙanwata soja, da jabun da na fara faɗawa

Ɗan ƙanwata ya gama horon kurtu a Zariya aka turashi arewa maso gabas, uwarsa ta zauna ta haɗa mashi kilishi da yaji da dakuwa da garin kunu har da rubutu a gora, ni kuma da nayi shekara ashirin da wani abu ina saka kaki kafin in ajiye nace toh ni me zan bashi? Kuɗi zai ƙare a sati biyu, waya yana da ita, takalmin but kuwa ƙafarsa ce ta san wanda zai mata daidai. Sai na tsaya akan tonike, wasu su ce tonikwet, wato maɗaurin nan da ake ɗaure hannu ko ƙafa dashi a tsaida jini in harsashi ko ɓaraguzan bam sun tsinka babbar jijiya. Ban tsaya tambayar me za'a bashi a can ba, irin wannan abun ba'a cewa yayi yawa.

Wanda na saya a ƙarshe shine C-A-T, wanda suke kira Gen 7, na Amurka, kamfanin North American Rescue ne ke rarrabashi. Amma sai da na fara zubar da kuɗi akan jabu, kuma zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin dalilin da yasa abun ya tsaya min a rai, dan in ban faɗa ba baza ku gane abinda nake dubawa a jikinsa ba.

Farkon 1999 ina Saliyo cikin sojojin kiyaye zaman lafiya na ECOMOG, bayan 'yan tawayen RUF sun shigo Freetown ranar 6 ga Janairu an kuma fitar dasu da ƙyar. Wata rana muna sintiri a hanyar da ta fita gari ta nufi wajen Waterloo aka mana kwanton ɓauna. Kowa ya zube ƙasa ya nemi inda zai raɓe, ni na samu bakin kwalbati. Kosmet ɗina, mutumin da muka ci wake da garin kwaki a kwano ɗaya tun muna kurtu, yana tsakiyar titi a zaune yana kallon cinyarsa kamar ba tasa ba, jini na tsartuwa yana tsayawa yana sake tsartuwa. Wallahi har yau ban tuna lokacin da na yanke shawarar tashi ba. Babu wata shawara ma. Ina bakin kwalbati, sai gani a kansa ina jan wuyan rigarsa, kuma saje yana ta ihu ku kwanta ku kwanta amma kunnena ya toshe. Wani kofur da ya ga na kasa janshi ni kaɗai shima ya taso, kafin ya iso aka sameshi a kafaɗa. Kaga mutum ɗaya ya zama biyu, kuma bindigogi uku sun daina amsa wuta.

Da muka jawoshi gefe na zare bel ɗina na ɗaure mashi cinya na ja iya ƙarfina, jinin ya ragu amma bai tsaya ba, na nemi itace na cusa in murɗa, bel ɗin fata ce mai kauri ta ƙi murɗuwa itacen ya karye. A bayan mota ya cika, kansa a kan ƙafata, bamu kai ko rabin hanya ba. Kofur ɗin ya rayu alhamdulillahi amma hannun bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Kuma a lokacin abinda aka koya mana, ba mu kaɗai ba kusan duk sojojin duniya, shine tonike sai in komai ya gagara dan wai yana kashe ƙafa. Toh ƙafar da ake tattali gata nan lafiyarta lau muka binneta tare da mai ita.

Mutanen da basu taɓa shiga ba suna ɗauka jarumta ce ke sa soja ya ruga wajen ɗan uwansa. Ni dai a nawa ban ga jarumta ba, na ga mutumin da ya san sunan uwata, ya san bashin da ake bina, shi ke tsaron barci na in na runtsa. Jiki ne kawai ke tashi. Ko a manyan sojojin da aka kashe ma miliyoyi wajen horo haka abun yake. A Mogadishu ta Somaliya ranar 3 ga Oktoba 1993 da aka harbo jiragen Amurka masu saukar ungulu guda biyu, wasu gwanayen harbi biyu, Gary Gordon da Randy Shughart, suna sama a wani jirgin suna kallon taron jama'a na nufar inda jirgi na biyu ya faɗi, suka roƙa a saukesu aka hana suka sake roƙa har aka yarda, sun san su biyu ne kacal. Duk su biyun an kashesu a wurin, matuƙin jirgin Michael Durant ya rayu aka kamashi. Abinda da yawanmu bamu sani ba, ranar da mutanen madugun yaƙin Somaliya Aidid suka sakeshi, 14 ga Oktoba, tare da sojan Najeriya aka sakesu, Umar Shantali, wanda aka kama tun a watan Satumba lokacin da aka kashe mana sojoji 7 a garin. Sojojin Amurka 18 suka mutu a wancan faɗan, kuma daga nan likitocinsu suka zauna suka sake lale. A 1996 wani likitan sojan ruwansu Frank Butler da abokan aikinsa suka fitar da tsarin kula da wanda aka raunata a fagen daga da ake kira TCCC, wanda ya maida tonike abu na farko maimakon na ƙarshe, zuwa 2005 kuma aka fara raba ma kowane sojansu da zai tafi Iraƙi ko Afganistan.

Abinda ya fi tsaya min a tsarin nan shine matakin farko, lokacin da wuta ke ci. Basu ce ka ruga ba. Cewa sukayi ka maida wuta ka nemi mafaka, ka yi ma wanda aka harba magana ya ja jiki ya ɓuya in zai iya, kuma ya ɗaura ma kansa tonike. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe zaune ban ce komai ba. Domin inda kosmet ɗina yana da abinda zai iya ɗaura ma kansa a zaune a tsakiyar titin nan, da ihu kawai zanyi mashi daga kwalbati, da kofur bai taso ba. Shi yasa ni abinda na fara gwadawa a jikin CAT ba ƙarfinsa bane, a'a, mutum zai iya saka ma kansa shi kaɗai, da hannu ɗaya, yana rawar jiki? Duk sauran bayani a bayan wannan yake.

Yanzu maganar jabu. Na shiga intanet na ga wani shago yana tallar tonike baƙi, hoton sak na CAT, har da jan baki a ƙarshen igiyar, guda huɗu a kuɗin da bai kai na asali guda ɗaya ba. Nace kai ashe ma abun araha ne ake ta zuzutawa. Nayi oda aka min waybil ya iso tasha cikin kwana uku, a ido ba laifi. Da daddare bayan isha'i na zauna a tabarma na zura ɗaya a cinyata na ja igiyar na fara murɗa sandar. Murɗi na farko lafiya, na biyu naji sandar tana lanƙwasa a hannuna kamar cokalin roba a cikin tuwo mai zafi, na uku sai ƙas, ta rabu biyu, guntun ya tashi ya bugi kwanon sha. Uwargida ta leƙo tace Malam lafiya? Nace lafiya lau, kuɗi na ne ya karye. Na ɗauko na biyu, shi sandar bata karye ba amma ɗinkin da ya riƙe igiyar ciki ya fara ɓarkewa ina jin ƙarar zaren, ƙafata ta kumbura tayi nauyi jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa amma bugun jini na nan a bayan idon sawu. Wannan kuwa ya fi rashin ɗaurawa muni, dan ka toshe hanyar da jini ke komawa ka bar hanyar da yake zuwa a buɗe, rauni sai ya ƙara zuba. Irin abinda bel ɗina yayi kenan a 1999.

Na kira mai shagon yace ai Oga na atisaye ne, nace toh me yasa baka rubuta ba, yace zai duba, daga nan wayar bata sake shiga ba. Ban ma bi ta kan kuɗin ba, abinda ya hanani barci shine saura kaɗan in naɗe su in saka ma yaron nan a jaka ba tare da na gwada ba. Kuma ba mu kaɗai abun ya shafa ba, a yaƙin Yukren ma likitocin bakin daga sun sha kuka da jabun tonike masu karyewa a jikin wanda aka harba.

Na asalin sai da na bi ta hannun wani tsohon abokin aikina da ɗansa ke Amurka, ya saya daga wajen dillalin da kamfanin ya amince dashi aka aiko da wani mai dawowa gida. Kuɗinsa dala 30 da 'yar ɗoriya kowane ɗaya, ka buga da canjin yau kaji yanda yake a naira, ni dai fansho na ya ji a jikinsa. Na sayi baƙi uku da shuɗi ɗaya. Shuɗin na koyo ne, baƙi na soja, akwai kuma mai ruwan lemo da 'yan agaji da masu motar asibiti suka fi so saboda ana hangoshi daga nesa. Dalilin shuɗin, wanda ka riga ka murɗa ka kwance ka murɗa ka kwance a atisaye ba'a sake dogaro dashi ranar gaske, to sun bambanta kalar dan kar su cakuɗe.

Da na riƙe na asali da jabu hannu bibbiyu sai naji kunyar kaina. Na asalin bashi da nauyi, bai kai giram 80 ba, faɗin igiyar inci ɗaya da rabi, tsawonta ya kusa mita ɗaya dan haka ko ƙaton da cinyarsa ta kai turmi zai zagaye. Sandar murɗawar kauri gareta da gurza-gurza a jiki yanda ko hannu da jini ko gumi bazata suɓuce ba, kuma in ka sa ƙarfi ka lanƙwasata bata ko motsi. Akwai farantin roba a ƙasa da ke kwanciya a jikin fata, da wata 'yar maƙala mai baki biyu inda ake saƙale sandar in an gama murɗi, sai ɗan ƙyalle mai ruwan toka da ake rufewa a kai a rubuta lokaci. Inda jabun yake da ɗinki na zare sakaka, na asalin an narka an manne, kuma akwai lambar kwanan wata da ta rukuni a jiki. Amma kar ka dogara da rubutu, masu jabu suma sun iya buga rubutu. Ka dogara da inda ka saya da kuma farashi, in kaga araha ta wuce hankali toh ka san zance.

Gwajin kuwa na kira maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta zo ta tsaya a kaina, dan bana son in yaudari kaina. Na fara da cinya da shuɗin. Ka zura, ka ja igiyar ta cikin bakul, Gen 7 rami ɗaya ne ba kamar na da ba mai rami biyu da mutum ke rikicewa wanne zai bi, ka ja har sai yatsu uku sun kasa shiga tsakanin igiya da fata, ka manne. Mannin irin Velcro ne, mai kamawa kamar ƙarangiya. Nan ne yawancin mutane ke kuskure, basa jan igiyar sosai sai su dogara da sanda suyi ta murɗi har sau bakwai takwas abu ya ƙi. In ka ja da kyau tun farko murɗi kaɗan ya isa. Ni a na uku Sista ta ɗora yatsu a bayan idon sawuna ta lalube ta koma saman ƙafa ta lalube tace Baba Soja babu, ya ɗauke. Zafin kuwa kar ka tambaya. Na sha harbin kunama na sha cizon cinnaku a ramin gadi amma wannan daban ne, kamar ana matse ƙashin da filaya, gumi ya karyo min nan take. Tace haka ake so, in bai yi zafi ba bai kama ba. Ban bari ya kai minti ɗaya ba na kwance, ƙafar tayi ta tsira-tsira kamar ana soka allurai. Dan Allah kar wani ya karanta wannan yaje yana wasa dashi a jikinsa shi kaɗai, balle mai hawan jini ko siga ko matsalar jijiya.

Sai gwajin da ya kawoni, hannu ɗaya. Na saka hannun dama a aljihu kamar ya mutu, na ɗauko tonike da hagu. In ka naɗeshi daidai yana fitowa ne da zobensa a buɗe, ka girgiza ya warware ka zura hannu har kusa da hammata, ka kama jan bakin nan ka ja, ka manne ka murɗa ka saƙale. Karon farko na ɗauki kusan minti ɗaya da rabi ina fama, igiyar na zagaye min dantse maimakon ta matse. Bayan kwana huɗu ina yi safe da yamma na dawo ƙasa da daƙiƙa 30, ranar ƙarshe na kashe fitila nayi a duhu. Ni da na haura hamsin da yatsu masu sanyin ƙashi. Wannan shine abinda na biya kuɗi a kai kuma na samu. Mutumin da babbar jijiyar cinyarsa ta tsinke zai iya fita hayyacinsa cikin 'yan mintuna ƙalilan, to daƙiƙa 30 da minti ɗaya da rabi ba abu ɗaya bane.

Da yaron yazo sallama na zaunar dashi a tsakar gida muka yi ta yi har magariba. Ya iya, an nuna masu, amma hannunsa bai saba ba. Na cire baƙaƙen daga leda a gabansa yace Kawu ai gara a barsu a leda kar suyi datti, nace ranar da hannunka ɗaya ya mutu ɗayan yana santsin jini da haƙori zaka yaga ledar? Ana cirewa ne a naɗe a saka a 'yar jakarsa, a gaban riga inda hannun dama da na hagu duk zasu kai, ba a ƙasan jakar baya ƙarƙashin kilishi ba. Kuma kowa a sashinku ya san inda naka yake, dan ƙa'idar ita ce in ɗan uwanka ya faɗi nashi zaka fara ɗaura mashi ba naka ba, naka na jiranka. Yace toh Kawu. Na kalli yanda yace toh ɗin na san ƙarya yake, ranar da abokinsa ya faɗi kuma hannu bai kai kan nashi ba wallahi zare nasa zaiyi ko tunani babu, nima da haka zanyi. Shi yasa na bashi biyu.

Abubuwan da na nanata mashi ba yawa. In wuta na ci baka da lokacin neman inda ramin yake, ka ɗaura can sama akan kaki ka matse, ka tabbata dai babu waya ko wuƙa a aljihun da zata tokare. In an samu lafawa an ga raunin, sai a ɗaura kamar inci 2 zuwa 3 sama dashi akan fata, banda kan gwiwa ko gwiwar hannu. In ɗaya bai tsaida ba, musamman a cinya mai kauri, ka ƙara na biyu a gefensa ta sama. Ka rubuta lokaci, shi yasa na haɗa mashi da alƙalamin maka baƙi guda biyu, in babu ko a goshin mutum ne a rubuta. Sannan tsohon zancen nan da aka koya mana na a riƙa sassautawa duk bayan minti kaza dan ƙafa ta sha iska, ka manta dashi, haka ake zubar da jinin mutum kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Likita ne ke kwancewa.

Inda nake da damuwa, kuma wannan ba laifin CAT bane halin kowane tonike ne, shine lokaci. Ƙasa da awa 2 a ɗaure galibi ƙafa na tsira lafiya, ai ko a ɗakin tiyata suna ɗaura irinsa. Daga nan haɗari ke hawa, in ya kai wajen awa 6 kuwa ba'a ma kwanceshi sai a asibitin da ke da kayan aiki saboda dafin da ya taru a naman zai iya bugun ƙoda da zuciya. Amurkawa lokacin da suke Afganistan suna da jirgi da ke kwashe mutum cikin awa ɗaya, shi yasa abun ya masu kyau sosai. A Yukren inda ake kwana a rami ba'a samu fita da mai rauni ba an yanke ƙafafu da yawa da ma tun farko raunin bai kai a ɗaura tonike ba. Wanda ya san dajin Sambisa ko bakin tafkin Chadi da damina ya san wanne daga cikin biyun ya fi kama da namu. Toh ba kowane jini ake ɗaura ma wannan abun ba, sai mai tsartuwa ko mai malala da ya ƙi tsayawa ko gaɓar da ta cire, kuma da zarar an samu sarari malamin lafiyar da ke tare daku ya duba ko za'a iya maida shi bandeji mai matsi.

Abu na biyu, hannu da ƙafa kawai yake yi. Matsematsi, hammata, wuya, ciki, ƙirji, babu inda zaka ɗaura. Wani bincike da likitocin sojan Amurka suka fitar a 2012 sun duba sojojinsu 4,596 da suka mutu a fagen daga tsakanin 2001 da 2011, kusan 87 cikin 100 basu kai asibiti ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan raunin nasu irin wanda za'a iya tsira ne, kuma 9 cikin 10 na waɗannan jini ne ya kashesu. Amma da aka rarraba jinin, na hannu da ƙafa 13 da rabi ne kawai cikin 100, sauran na gangar jiki ne da mahaɗar gaɓoɓi. Wani ɓangare na dalilin ƙanƙantar adadin shine tonike ya riga ya yi aikinsa a waɗannan shekarun, amma dai ya nuna maka wanda ya rataya CAT yana ganin ya gama shiri bai gama ba. Ana buƙatar gos na cusawa a rami, irin su QuikClot Combat Gauze ko Celox masu sa jini ya daskare, a cusa har ƙasa a danne da ƙarfi aƙalla minti 3, da bandejin nan da ake kira na Isra'ila, da abun manne ramin ƙirji. Wannan karon aljihuna bai kai nan ba.

Na uku rana da ƙura. Roba ce da zare, in ka ɗaureshi a waje a jikin riga da robali yana shan ranar Borno wata da watanni zai gaji, kuma mannin in ya cika da yashi da ƙaiƙayi kamunsa na raguwa. A jaka mai murfi ake sakashi, a riƙa dubawa, in ya koɗe ko ya fara tsagewa a canza. Wanda bai yarda da sandar roba ba kwata-kwata akwai SOF-T Wide mai sandar ƙarfe, shima yana cikin waɗanda kwamitin TCCC ya amince dasu, na taɓa riƙe na wani, ƙarfi kam ba magana amma a hannuna CAT ya fi saurin shiga da hannu ɗaya, kuma na faɗa maku abinda ni nake nema.

Wani abu da Sista ta roƙeni in saka, dan tace tana ganinsa a asibiti duk damina: ba'a ɗaura wannan abun akan saran maciji. Mutanenmu da maciji ya sari mutum sai a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya, kafin a iso asibiti ƙafar ta lalace. In kana da tonike a gida kar ya zama ka samu igiyar zamani, na jini ne kawai. Amma haɗarin mota ko na mashin, ko injin niƙa ya kama hannu, ko harbi, nan kam wurinsa ne, kuma ina ganin direbobin doguwar hanya da 'yan sintirin unguwa da mafarauta duk ya kamacesu in har za'a koya masu.

In maki ne toh na asalin na bashi tara cikin goma, ɗayan na cire ne saboda tsada da wahalar samu a nan, sai ka haɗa da wanda ke waje ko ka san dillalin kayan asibiti na ƙwarai. Jabun guda biyun da suka rage na yanka igiyoyinsu da almakashi kafin in zubar dan kar wani yaro ya tsinta a bola ya kai kasuwa.

Baƙi na ukun yana cikin motata a aljihun ƙofar direba. Yaron ya kira shekaranjiya layi na yankewa, yace Kawu abokan ɗakina sun ga abun suna tambaya nawa ne, nace ka faɗa masu, da ya faɗa naji wani daga can baya yace kai. Na tambayeshi biyun suna nan? Yayi shiru kaɗan yace ɗaya na gaban rigarsa, ɗayan ya ba wanda suke gadi tare, wai ai duk ɗaya ne tunda kullum suna wuri ɗaya. Na buɗe baki zanyi faɗa sai layin ya ɗauke. Na riga na tura ma abokina saƙo ɗansa ya ƙaro biyu in fansho ya shigo, da gos ɗin cusawa ko guda ɗaya ne.